Ƙofar da Injiniya Ya Rufe

Mukulli na uku ne ya buɗe ɗakin Baba. Injiniya ya tura ƙofar da kafaɗa, waya maƙale a kunnensa, likita na ta nanata masa magana ɗaya.

"Sunayen magungunan nake so, da awon kowanne. Gwaggonka ta ce mini akwai fari, akwai ja, akwai wani mai ɗaci. Ni ba zan yi aiki da fari da ja ba."

"Duk suna cikin kwamfutarsa, likita. Ni na rubuta su. Ba ni minti goma."

Ɗakin yana nan yadda aka bar shi da safe. Takalmi ƙafa ɗaya a bakin gado, ɗayar can ƙarƙashin tebur, ga kofin roba a kife, ruwan ya bushe ya bar tabo a siminti. A nan Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da shi, ta same shi kwance a ƙasa. Wannan shi ne karo na biyu. Na farkon, shekara biyu da rabi da suka wuce, shi ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma tafi da bakinsa. Kunne kuwa tun kafin nan ya yi sallama, domin shekara arba'in Baba ya yi a maɗaba'a yana jera haruffa a gefen injin da ƙararsa ke kaɗa haƙori. Abin da ya rage masa ido ne, shi ma sai rubutu manya, da yatsa ɗaya na hagu.

Injiniya ya yaye ƙyallen da Gwaggo ke lulluɓe kwamfutar da shi kamar jaririya. Tsohuwa ce irin ta ninkewa, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin wuta take aiki. Ya danna maɓalli. Kafin ya gama jan kujera har ta tashi. Duk da halin da yake ciki sai da wani ɗan daɗi ya ratsa shi, don wannan saurin aikin hannunsa ne.

A ofishinsu Malam Rufe suke ce masa, a bayan ido da gaban ido. Aikinsa ke nan, tsaron kwamfutocin ma'aikata, kuma yana da karatu guda da yake yi wa kowane sabon ɗauka har an haddace. Kwamfuta gida ce mai ƙofofi da yawa. Kai kana falo kana rubutunka, a bayan gida kuwa ayyuka barkatai na gudana ba ka ganinsu, kowanne ya bar tasa ƙofar a buɗe. Wanda ba ka bukata, kashe shi. Ƙofar da ba a bi, rufe ta, ɓarawo ba ya sallama. Kuma ba ƙarya yake yi ba, shekara goma sha ɗaya ko sau ɗaya ba a taɓa yi musu kutse ba.

Kwana tara da suka wuce, ranar wata Asabar da hantsi, ya kawo wa Baba irin wannan alherin. An shiga kwamfutar wani maƙwabci an kwashe hotunan iyalinsa, shi ya sa ya ce rigakafi ya fi magani. Ya zauna a kujerar nan ya buɗe jerin ayyukan da ke gudana a ɓoye, ya dinga bin su ɗaya bayan ɗaya. Ga na raba firinta, a gidan da babu firinta. Ga na raba fayil da kwamfutocin maƙwabta. Ga wani da ke ta neman sabunta manhajar da aka goge tun bara. Ya kashe, ya kashe, ya kashe. Sai can ƙasa ya ci karo da wanda ya sa shi gyara zama: manhajar shiga daga nesa, irin wadda ke ba mutum dama ya kama linzamin kwamfutarka daga wata uwa duniya kamar yana zaune a ɗakinka. Ya duba tarihinta. Kullum ƙarfe huɗu na yamma wani yana shigowa daga ƙasar waje, ba suna sai lambobi, ya yi rabin awa ko fiye ya fita. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi da ke tsare kwamfuta ɗari biyu, a ce ta ubansa ta zama zauren kowa da kowa.

A ofis akwai ƙa'idar da shi da kansa ya rubuta ya liƙa a bango: kafin a kashe kowane aiki, a tambayi mai kwamfuta ko akwai mai amfani da shi, a kuma jira amsa. Ya taɓa ba wani ma'aikacinsa takardar gargaɗi a kan tsallake ta. Amma a nan wa zai tambaya? Tsohon da ba baki, ko tsohuwar da ba ta san bihim ba? Ya kashe manhajar, ya hana ta sake tashi. Baba na zaune a bakin gado yana kallonsa da murmushin nan nasa na ɓari ɗaya. Injiniya ya ɗauki takarda ya rubuta masa da manyan baƙaƙe, NA GYARA, YANZU TA FI SAURI. Baba ya karanta, ya ɗaga masa babban yatsa.

Ranar Laraba da ya leƙo, Gwaggo ta tare shi a bakin kicin tana goge hannu.

"Ɗan nan, tun da ka taɓa abin nan ya daina motsi da kansa."

"Ai shi ne gyaran, Gwaggo. Duk abin da kika ga yana motsi da kansa, ɓarawo ne."

Ta buɗe baki, ta dube shi, ta mayar ta rufe. Shi kuma sauri yake yi, yana da taro ƙarfe biyu.

Yanzu ya nemo fayil ɗin magunguna, ya ɗauki hotonsa ya tura wa likita. Har ya kai hannu zai rufe kwamfutar sai idonsa ya faɗa kan jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. Na sama sunansa "hira". Bai san shi ba. Mutumin da ba ya barin abin da bai sani ba ya kwana a kwamfuta, ai dole ya danna.

Shafi ɗari huɗu da goma sha biyu. Rubutu manya, kowane harafi kamar ɗan yatsa. Layi shuɗi, layi baƙi, layi shuɗi, layi baƙi. A saman kowace rana an sa kwanan wata da shuɗi.

"Baba, ka sha na safe? Kada ka yi mini wayo, na san halinka."

"na sha gwagonki ta tsaya a kaina kamr dan sanda"

"Madalla da Gwaggo. Yau an kawo mana wata tsohuwa ta ƙi allura, ta ce sai dai in fara yi wa kaina ta gani"

"kin manta aya a karshe"

"Kai da ba ka sa ko ɗaya ba?"

"ni na yi ritaya"

Injiniya ya sake karanta layukan. Auta ce. Ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ta tafi aiki ƙasar waje wata huɗu bayan ciwon Baba na farko. Shekara uku tana jiran gurbin nan, sai ya fito a lokacin da bai kamata ba. Baba ya rubuta mata a takarda, je ki. Shi kuwa Injiniya a tsakar gidan nan ya tsaya ya ce mata, "Je ki yi jinyar iyayen wasu, naki Allah ya ba shi mai yi." Ya ce kada wanda ya ƙara ambatar sunanta a gabansa. Daren da jirginta ya tashi ya toshe lambarta, ya toshe ta a duk inda ake toshe mutum. Rufewa dai ai sana'arsa ce. Shekara biyu yana faɗa wa kansa, yana faɗa wa matarsa, cewa yarinyar nan ta manta tana da uba.

Ashe kafin ta tafi ta sa manhajar. Ashe kullum, a hutunta na rabin awa, takan shigo ta buɗe masa shafin, ta ƙara girman rubutu, ta jira yatsa ɗaya ya gama lalubo haruffa. Waya ba ta da amfani ga wanda ba ya ji kuma ba ya magana. Wannan ce kaɗai hanyar da ta rage musu.

Ya ci gaba da karantawa, ya manta da agogo. Ya ga ranar da Baba ya ba ta labarin kyanwar maƙwabta da ta haihu a cikin kwalin takalmansa. Ya ga ranar da ta ce sanyi ya hana ta barci, ya ce ta sa safa biyu. Ya ga ranar tunawa da rasuwar Mama, shafi guda cur, ita ta rubuta layi uku, shi ya rubuta "eh" kawai. Sai ya fara cin karo da kansa.

"yayanki ya zo jiya ya rame aiki ya masa yawa"

"Ya tambaye ni?"

"bai tambya ba amma ya kalli hotonki"

"Kada ka gaya masa muna hira. Zai ce na buɗe wa ɓarayi ƙofa."

"ni da wane bakin"

Dariya ta kuɓuce wa Injiniya. Baba ke nan. Shi ya ɗauka ciwo ya cinye wannan barkwancin tuntuni. Shekara biyu yana zuwa ɗakin nan duk Laraba da Asabar, ya duba magani, ya duba hawan jini, ya rubuta a takarda KANA LAFIYA? Baba ya gyaɗa kai, shi ke nan ya tafi. Bai taɓa tunanin ya ja kujera ya buɗe shafi ya jira yatsan nan ba.

Ya gangara ƙarshen fayil ɗin. Kwanan wata na ƙarshe Juma'a ce, jajibirin gyaransa.

"ki kira yayanki ke ce karama"

"Baba, ya toshe lambata. Ta ina zan kira shi?"

"ki nemi hanya ba na so in tafi na bar ku haka"

"Don Allah mu bar maganar nan. An kira ni, sai gobe."

Daga nan babu shuɗi kuma. Babu kwanan wata, don ita ce mai sawa. Baƙi ne kawai, layi bayan layi, da tazara a tsakani inda yatsa ya danna ya sauka ƙasa.

"na zo"

"auta kina nan"

"yau ma na zo hudu ta wuce"

"ko aiki ne ya yi yawa"

"gwagonki tana ta ihu a kunena ban gane ba"

"in maganar yayanki ce na janye"

"ban fada don in bata miki rai ba"

"na janye auta"

"ba komai ki huta ina nan gobe"

Layi tara. Ya ƙirga su sau biyu, kamar ƙirgar za ta rage wani abu. Ya dubi kujerar da yake kai, da ramin da zaman Baba ya yi a matashin, ya ga tsohon nan zaune ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu da rabi, ƙarfe biyar, yana kallon 'yar kibiyar linzamin da ke allo ba ta motsi, yana neman laifinsa a cikin maganar da ya yi don a shirya 'ya'yansa. Garin neman gira an rasa ido. Kunya ta kama Injiniya, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma, ga shi ba kowa a ɗakin balle ya sunkuyar da kai dominsa.

Ya buɗe jerin ayyukan ɓoye. Hannunsa da ya saba wannan aiki ko ido rufe, yau sai da ya kuskure layi sau biyu. Ya tayar da manhajar. Tana haɗuwa da intanet sai ta zubo masa jerin waɗanda suka nemi shiga ba su samu ba. Lamba ɗaya ce. Asabar, huɗu daidai, huɗu da minti biyu, huɗu da minti goma, huɗu da minti ashirin da biyar. Lahadi haka. Litinin haka. Har jiya. Ko rana ɗaya ba ta tsallake ba.

Agogon kwamfutar ya nuna uku da minti goma.

Sai wani tunani ya zo masa, kuma gara a faɗi gaskiya, ya daɗe yana juya shi. In ta shigo yau, abin da za ta fara gani layukan nan tara ne. Zai iya shafe su. Daƙiƙa biyu ne, kuma ya san yadda ake shafewa ba a bar sawu ba. Har ya ce wa kansa ai don ita zai yi, me zai ƙare ta da ganin wannan tana can ita kaɗai? Ya ja linzami ya lulluɓe layukan, suka yi duhu, yatsansa na kan maɓallin shafewa. Amma ya san ba don ita ba ne. Kuma maganar Baba ce, ƙila ma ta ƙarshe, kowane harafi da wahala aka samo shi. Ya janye yatsan. Ya ninke kwamfutar, ya naɗe wayar wutarta, ya kulle ɗakin.

A mararrabar kasuwa wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, kowa ya danna hon kamar hon ne zai tayar da ita. Uku da minti talatin da biyar. Injiniya ya karkata ya cusa motarsa gidan mai, ya ce wa mai gadin zai dawo, ya tare mai babur. Rabonsa da hawa babur ya fi shekara goma. Ya rungume kwamfutar a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe ƙarfen baya.

"Maigida, kaya ne mai tsada haka?" in ji mai babur yana kutsawa tsakanin motoci.

"Kai dai yi sauri."

Gwaggo na zaune a benci a bakin ɗakin marasa lafiya, mayafinta ya zame, robar ruwa a cinyarta. Da ta ga abin da ya rungumo sai ta kau da kai.

"Gwaggo, kin sani."

"Ni ce mai kunna masa kullum, ya za a yi in ƙi sani."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka ranar Laraba. Ka ce ɓarawo ne."

"Ba ki ce Auta ba ce."

Ta juyo ta dube shi sosai. "Kai ka ce kada a ambaci sunanta. Yayana kuma ya sa yatsa a baki ya roƙe ni. In bi wa in bar wa? Ita ta kira ni sau uku tana kuka, na ce mata yayanki ne ya zo ya yi gyara. Sai ta ce to, ya gano ke nan. Na je na yi ta kwarara wa ubanku ihu a kunne, Auta ta kira, Auta na gaishe ka, yana kallon bakina kamar ina tauna. Ta turo saƙo a 'yar wayar nan tawa, na nuna masa, rubutun kamar ƙwan kwarkwata, ina zai gani? Da na iya rubutu ai da ban bar shi haka ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Jiya har duhu ya fara yana kan kujerar nan. Da ƙyar na tashe shi."

"Ta san yana asibiti?"

"Ni ɗagawa na iya, ban iya kira ba. Kai ka sani."

Ya tura ƙofar ya shiga.

Gado shida ne a ɗakin, na Baba na bakin taga. Ya ƙanƙance a cikin zanen gado, roba a hanci, wata a bayan hannun hagu, hannun nan guda mai aiki, yanzu shi ma a yashe. Idanunsa a rufe. Na'urar da ke gefensa na ƙara a hankali, tana tsayawa, tana ƙarawa. Injiniya ya duba bango. Soket ɗaya ne ba kowa a kai, can bayan durowa. Ya durƙusa yana jan durowar sai ga nas, wata doguwa mai tabarau a goshi.

"Malam, nan ba wurin cajin kaya ba ne. Ofis ɗin, ka bar shi a waje."

"Sista, ba aiki ba ne. 'Yarsa ce za ta yi masa magana. Ƙarfe huɗu take zuwa."

Nas ta dubi Baba, ta dubi kwamfutar mai tsagaggen murfi. "Ka san ba a farke yake ba ko?"

"Na sani."

"To kada ka taɓa mini jan soket ɗin can. Kuma in likita ya shigo, ban gan ka ba."

Ya jawo teburin cin abinci na marasa lafiya, ya ɗora kwamfutar a kai, ya tura shi daidai ƙirjin Baba yadda in ya buɗe ido allon zai fara gani. Ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa. Ya buɗe shafin a inda layukan tara suke. Huɗu saura minti huɗu. Gwaggo ta shigo ta tsaya a ƙafar gado.

Huɗu ta yi. Kibiyar na nan a tsakiyar allo. Huɗu da minti ɗaya. Kwana tara ana ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba, wa zai zarge ta in ta gaji a na goma?

Sai wani ɗan akwati ya fito a kusurwar allo, ya ɓace. Kibiyar ta yi tsalle gefe, ta dawo, ta yi wani ɗan zagaye kamar mai neman hanya.

"Ga shi nan," in ji Gwaggo a hankali. "Haka yake yi."

Shuɗin rubutu ya fara fitowa da gudu, haruffa na hawa kan juna. "Baba! Baba ina nan, na samu shiga, ka gan ni?" Sai ya tsaya cak. Kibiyar ta hau sama. Ta tsaya a kan "na zo". Ta sauko layi na biyu. Ta sauko na uku. Injiniya na tsaye yana kallon ƙanwarsa tana karantawa, ba ya ganin fuskarta, ba ya jin numfashinta, kibiya kawai yake gani tana bin layi. A kan "in maganar yayanki ce na janye" ta daɗe ba ta motsa ba.

Ya sunkuya ya sa hannu a kan madannai. Mutumin da ke rubuta rahoto shafi goma kafin shayinsa ya huce, sai ga shi yana lalube da yatsa ɗaya.

"Auta, ni ne. Yaya."

Sai ta rubuto, "Ina Baba?"

"Yana gabana. Muna asibiti. Ya sake faɗuwa da safe, bai farka ba tukuna."

Tambayoyi suka biyo baya, gajeru, irin na mai sana'a. Ƙarfe nawa aka same shi, an yi hoton kai, me hoton ya nuna, nawa jininsa yake. Ya amsa wanda ya sani, wanda bai sani ba ya leƙa takardar da ke rataye a gado ya kwafo mata. Da ta daina tambaya sai ya gane cewa ta fahimci abin da likita bai gama faɗa masa ba.

Ya rubuta, "Ni na kashe manhajar. Na ga ana shigowa, na ɗauka ɗan kutse ne. Ban tambayi kowa ba."

"Na ɗauka ka sani. Na ɗauka da gangan ka yi."

Ya so ya rubuta cewa da ya sani ba zai yi ba. Ya tsaya ya tambayi kansa, Injiniyan kwana tara da suka wuce, da ya ga sunanta a wurin lambobin nan, me zai yi? Bai sami amsar da zai iya rantsuwa a kanta ba. Sai ya rubuta, "Ban sani ba. Amma da ban toshe lambarki ba, da kin gaya mini a ranar."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Kibiyar ta tafi sama ta ƙara girman rubutun, ta ƙara, har kalma uku ta cika faɗin allon. Sannan ta rubuta a ƙarƙashin layin Baba na ƙarshe.

"BABA BAN YI FUSHI BA. KULLUM INA ZUWA. ƘOFAR CE A RUFE. GA NI DA YAYA MUNA MAGANA."

Ta koma ta duba, ta ga duk ayoyin na nan. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ta ƙara, "Karanta masa. Kunnen hagu, shi ne mai ɗan saura."

Injiniya ya zagaya gadon. Ya durƙusa har leɓensa na taɓa kunnen tsohon, ya ji warin man da Gwaggo ke shafa masa. Ya karanta da ƙarfi, kalma kalma, har mai jinyar gado na kusa ya juyo. Da ya zo kan "ƙofar ce a rufe" sai ya ƙara abin da ba a rubuta ba.

"Ni na rufe, Baba. Ba ita ba ce. Ni ne."

Ya jira. Gwaggo ta matso tana duban fuskar yayanta. Na'urar ta ci gaba da ƙararta yadda take yi, ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Idanun Baba na rufe. Yatsan hagu na nan inda yake a kan zanen gado.

"Ya ji?" ta rubuta.

Ƙarya ɗaya ce, mai sauƙi, kuma ba mai kama shi. Ya rubuta, "Ban sani ba."

"To. Bar allon a gabansa. Ko zai buɗe ido."

Ya ja kujera ya zauna. Ya ciro wayarsa, ya shiga jerin lambobin da ya toshe, ya daɗe yana gangarawa kafin ya same ta, don jerin na da tsawo. Ya cire ta.

Bayan ɗan lokaci hasken allon ya fara dushewa. Shi ya saita shi haka ranar Asabar, in an yi minti biyu ba a taɓa ba ya mutu, saboda tsaro. Ya miƙa hannu zai taɓa, sai kibiyar ta riga shi, ta ɗan gusa, hasken ya dawo kan fuskar Baba. Huɗu da rabi ta yi, lokacin da hutunta ke ƙarewa, ta wuce. Biyar ta yi. Nas ta zo ta canja robar ƙarin ruwa ta fita. Duk bayan minti biyu, kafin allon ya mutu, sai kibiyar ta ɗan motsa.